KIMIYYA DA FASAHA: Ta Wace Ƙofa A Ke Shiga Tsohuwar Na'ura?

Duk wanda ya kai mota gyara a garin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, cikin 'yan shekarun nan, mai yiwuwa ne ya ga wani abu da kanikawan zamanin da ba su sani ba. Mai mota ya zo da kukan cewa wata fitila ta kama a gabansa ta ƙi mutuwa. Maimakon bakanike ya ɗaga bonet ya kasa kunne ga kukan inji, sai ya ɗauko wata 'yar na'ura wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya laluba wani soket mai ramuka 16, ya soka wayarta. Kafin a jima lambobi sun bayyana, sun nuna masa inda ciwon ya ke. Wannan soket kuwa doka ce ta kawo shi. Hukuma a Amurka ta wajabta shi a kan kowace ƙaramar mota da za a sayar a ƙasar tun daga ƙirar 1996, watau shekarar da aka yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur.

To, amma ba kowace mota da ke bin hanyar Makurɗi zuwa Akwanga ce ke da wannan soket ba. Fijo 504 ta farkon fitowa daga kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna, wanda ya soma aiki a 1975, ba ta da shi, ba ta kuma da ƙwaƙwalwar lantarkin da za ta amsa tambaya. Akwai kuma motocin tsakiya, na ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, waɗanda su ke da soket, sai dai kowane kamfani da nasa fasalin da nasa yaren. Bakanike mai basira ba ya korar irin wannan mota. Ya kan nemo mahaɗi, ya koyi yaren, a wasu ma ya haɗa ramuka biyu da guntun waya, ya zauna yana ƙirga ƙiftawar fitila har ya gane saƙon. Irin wannan aiki sak a ke yi a duniyar kwamfuta, sa'ad da a ke so a ɗauki sabuwar manhajar gano kuskure a sa ta yi aiki cikin tsohuwar na'ura. Aiki ne da ba a cika jin labarinsa ba, alhali kuwa ƙasa irin Nijeriya tana cikin waɗanda suka fi bukatar masu iya shi.

MAFARAUCIYAR ƘWARO

Masu rubuta manhaja suna kiran kuskuren da ya ɓuya cikin aikinsu da sunan ƙwaro. Kalmar ta girmi kwamfuta, domin injiniyoyi suna amfani da ita tun zamanin Thomas Edison. Amma labarin da ya fi shahara shi ne na ranar 9 ga Satumba, 1947, sa'ad da ma'aikatan kwamfutar Mark II ta Jami'ar Harvard suka tarar da ƙwaron nan faɗa-wuta ya maƙale cikin wani makunnin lantarki. Suka ciro shi suka manna a littafin aiki, Grace Hopper kuma ta yi ta ba da labarin har ya bazu. Daga nan duk manhajar da aka ƙera don neman kuskure sai aka kira ta dibaga, watau mafarauciyar ƙwaro. Ɗaya daga cikin na farko-farko, wadda aka yi wa kwamfutar PDP-1 a 1961, har DDT aka laƙaba mata, sunan da manoma suka sani na maganin ƙwari.

Aikin mafarauciya bai wuce abubuwa biyar ba. Ta tsai da manhajar da ke gudana. Ta leƙa ma'adanarta ta ga abin da ke ciki. Ta duba rajistoci, watau 'yan aljihunan da ƙwaƙwalwar na'ura ke ajiye lissafin da ta ke kai a wannan lokaci. Ta ɗana tarko a wurin da a ke zargi. Sa'an nan ta sake ta ta ci gaba, ko da gudu ko taki ɗaya-ɗaya. Da waɗannan ne gwani ke bin sawun kuskure har ya cim masa a raminsa.

Sai dai akwai wani hanzari. Mafarauciya ita ma manhaja ce kamar kowace, ba ta da ikon kanta. Mai iko a cikin kwamfuta ita ce babbar manhaja, irin su Unix da Linux da Windows, wadda matsayinta kamar na maigida ne a babban gida. Kowane aiki da ke gudana ta ba shi ɗakinsa ta ja ƙofa, ba wanda ke leƙa ɗakin wani. Ba don haka ba, da manhajar wasa ta karanta lambar sirrin da mutum ya buga wa banki. Saboda haka mafarauciya tana nan kamar likitan da aka kira gidan ba-shiga. Kome gwanintarsa, dole ya tsaya a zaure ya yi sallama, ya jira iso, ya bi ta inda aka nuna masa. Wannan ƙofa da maigida ya tanada ita ce tushen maganar, kowane gida kuwa da irin tasa.

ƘOFAR SHEKARAR 1975

Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka soma ƙera Unix a 1969 a ɗakunan bincike na Bell da ke Jihar New Jersey ta Amurka. A fitowa ta shida, cikin 1975, aka buɗe wa mafarauta wata ƙofa mai suna ptrace. Dokokinta masu tsauri ne. Ta farko ita ce, uba ne kaɗai zai binciki ɗansa. A tsarin Unix kowane aiki wani aiki ne ya haife shi, don haka dole mafarauciya ta haifi aikin da kanta, shi kuma tun kafin ya soma ya furta cewa ya yarda a bincike shi. Idan manhaja ta riga ta daɗe tana gudana sa'an nan ta rikice, ba halin a riske ta a wannan hali. Sai a kashe ta a sake daga farko, a yi fatan kuskuren zai sake fitowa.

Doka ta biyu ita ce, kalma ɗaya a ke karɓa a kowace tambaya. A kwamfutar PDP-11, wadda Unix ke kanta a lokacin, kalma bait biyu ce kacal. Wanda ke son karanta bait 65,536, watau iyakar abin da adireshin na'urar ke iya kaiwa, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa sau 32,768. Abin bai tsaya nan ba. Babbar manhaja ba ta shiga ɗakin ɗan ta ɗauko amsa da kanta. Sai ta ajiye tambayar a wani wuri guda, ta kwantar da uban, ta tada ɗan da aka tsayar ya duba jikinsa ya ajiye amsa, sa'an nan ta mai da shi barci ta tada uban. Wurin ajiye tambayar kuwa ɗaya ne tak a duk na'urar, in wani ya riga shiga, saura sai su jira. Kamar a ce za a kwashe rumbun dawa ne da cokali, kowane cokali kuma sai an tashi mai rumbun daga barci.

Akwai kuma wani ruɗani da ya sha yaudarar sababbin shiga. Idan tambaya ta ci tura, ptrace ta kan mai da lambar -1. To, ina ga in abin da ke cikin ma'adanar shi ne -1 ɗin? Amsa ta gaskiya da alamar gazawa sun zama kama ɗaya. Dabarar ita ce mai tambaya ya share allon da a ke rubuta dalilin gazawa kafin ya tambaya, bayan amsa ta zo ya sake duba allon. Wanda ya manta da wannan, mafarauciyarsa za ta riƙa shelar matsala inda babu, ko ta haɗiye ta inda akwai.

Ɗana tarko shi ma yana da nasa siddabarun. Mafarauciya ta kan cire umurni ɗaya daga jikin manhajar ta ɓoye, ta sa wani umurni na musamman a gurbinsa. A injinan Intel bait ɗaya ne wannan umurni. Da manhaja ta taka shi sai ta tsaya cik, babbar manhaja ta sanar da uban. In za a ci gaba, dole a mai da umurnin asali, a yi taki ɗaya, a sake ɗana tarkon, sa'an nan a saki. Ga inda gizo ke saƙa: a fitowa ta shida buƙatu tara ne ƙofar ta sani, daga 0 zuwa 8, ba kuwa ta taki ɗaya a cikinsu. Sai a fitowa ta bakwai, ta 1979, aka ƙara ta a lamba 9. Ashe ko tsakanin uwa da 'yarta akwai bambancin da zai iya karya mafarauciya.

KOWANE TSUNTSU DA KUKAN GIDANSU

Gajiya da wannan cokali ce ta sa Tom Killian, shi ma na ɗakunan binciken Bell, ya fito da sabuwar dabara a 1984. Ya ce tun da Unix ta saba ɗaukar kome a matsayin fayil, me zai hana aiki mai gudana shi ma ya zama fayil? Sai ya ƙirƙiro wata jaka mai suna /proc, kowane aiki da lambarsa a ciki. Mai izini ya buɗe fayil ɗin, ya karanta ko nawa ya ke so a tashi ɗaya, ba sai shi ne uba ba. Roger Faulkner da Ron Gomes suka faɗaɗa dabarar suka shigar da ita cikin Unix ta System V, fitowa ta huɗu, wadda kamfanoni da yawa suka ɗauka. A wannan tsari fayil ɗaya ne ga kowane aiki, umurnin tsayawa da na tafiya kuma ta wata kafa ta gefe mai suna ioctl a ke aika su.

A 1997 kamfanin Sun ya sake fasalin abin a Solaris 2.6. Kowane aiki ya tashi daga fayil ɗaya ya koma jaka mai fayiloli da dama: ɗaya na aika umurni, ɗaya na duba hali, ɗaya na ma'adana. Suna bai canja ba, amma yare ya canja. Kamfanin HP ya yi tasa ƙofar mai suna ttrace. Linux, wadda Linus Torvalds ya soma a 1991, ta riƙe ptrace ta yi ta yi mata ƙari har yau. Da ya ke Android a kan Linux aka gina ta, wayar da ke aljihun mai sayar da doya a kasuwar Lafiya tana ɗauke da jikanyar waccan ƙofa ta 1975. Windows kuwa nata gidan dabam ne. Kafin fitowar Windows XP a 2001, idan mafarauciya ta kama aiki ba ta da hanyar sakinsa da rai: tana fita, aikin na mutuwa. Sai mai karatu ya auna abin da wannan ke nufi in aikin nan shi ne ke riƙe da bayanan marasa lafiya da tsakar rana.

YADDA A KE SASANTAWA

Mafarauciyar da ta fi kowace shan wannan yawo ita ce GDB, wadda Richard Stallman ya rubuta a 1986 a ƙarƙashin shirinsa na GNU, ya kuma bar asalin rubutunta a buɗe ga kowa. Da gidajen suka yi yawa, sai John Gilmore na kamfanin Cygnus, wajen 1990, ya raba ta hawa-hawa. Hawan sama shi ne mai ilmi: ya san harshen da aka rubuta manhaja da shi, ya san sunayen abubuwa da lambar layi. Hawan ƙasa kuwa tafinta ne kawai, wanda a ke ce masa tsayar, karanto, rubuta, saki, shi kuma ya juya maganar zuwa yaren gidan. Mai son kai GDB wani gida ba sai ya taɓa likitan ba, tafintan zai sake. Michael Snyder, shi ma na Cygnus, a wajen 1999 ya sake rubuta tafintan /proc ta yadda fayil ɗaya zai ji tsohon yaren ioctl da sabon yaren Solaris, a zaɓi wanda ya dace a lokacin haɗa manhajar.

Wahalar mai komawa tsohon gida ta fi ta mai shiga sabo, domin likitan ya riga ya saba da jin daɗi. Hawan sama yana ɗauka cewa za a iya kama aikin da ba ɗa ba, za a iya sakinsa lafiya, za a iya bin zaruruwa, watau ƙananan ayyukan da ke gudana tare a ɗaki guda. Tsohuwar ƙofa kuwa wataƙila ba ta taɓa jin labarin zare ba. Kowane abu da ya ɓace, hanya uku ce a gaban mai gyara. Ko dai ya kwaikwaye shi da abin da ke akwai, alal misali in babu taki ɗaya sai ya hango umurni na gaba ya ɗana masa tarko na ɗan lokaci. Ko ya sa mafarauciya ta tambayi gidan tun da isarta, yadda GDB ta daɗe tana yi a Windows, inda ta kan duba ko akwai hanyar saki kafin ta yi alkawarin saki. Ko kuma ya fito fili ya sa ta ce wannan ba ya yiwuwa a nan.

Ta ukun nan ita ce ma'aunin mutunci a wannan sana'a. Mafarauciyar da ta ce ba ta iya ba, ta bar gwani ya nemi wata dabara. Wadda kuwa ta nuna lambar ƙarya domin an ɗauko rajista daga gurbin da ba nata ba, ta jefa shi daji ke nan, ya kwana uku yana farautar ƙwaron da babu shi. Tsarin da rajistoci ke jere a cikinsa ya kan bambanta daga fitowa zuwa fitowa, kuskuren bait huɗu kuma ya isa ya sa kome ya karkace ba tare da ƙara ko hayaƙi ba. Don haka mai wannan aiki ba ya dogara da littafin jagora kaɗai. Ya kan rubuta 'yan ƙananan manhajoji na gwaji waɗanda ya san amsarsu tun da fari, ya tambayi ƙofar, ya gwada abin da ta faɗa da abin da ya sani. Gani ya kori ji.

Akwai kuma shingen da ke tare hanya tun kafin a kai ƙofar. GDB ta soma ne da harshen C, amma tun fitowa ta 8.0 a 2017 ba a iya haɗa ta sai da mafassarar C++ ta ƙa'idar 2011, fitowa ta 15 kuma a 2024 ta ɗaga sharaɗin zuwa ƙa'idar 2017. Na'urar da aka saya a 1998 ba ta da irin wannan mafassara. Mafita a nan ita ce a raba aikin biyu. A bar babbar GDB a kan sabuwar kwamfuta, a sa wani ɗan ƙaramin wakili a kan tsohuwar, su riƙa magana ta waya da wani sauƙaƙan yare da GDB ta daɗe da shi. Wakilin ba ya bukatar sanin kome sai abubuwa biyar ɗin nan. Likita yana zaune a asibitinsa, ɗan aike ne ke shiga gidan.

RANAR DA A KE RUFE ƘOFA

Tafinta ba ya rayuwa sai da mai kula da shi. Duk gyaran da aka yi a hawan sama yana iya karya wani tafinta a ƙasa, in kuwa ba mai tsohuwar na'urar da zai gwada ya kawo ƙara, ɓarnar sai ta kwanta ba wanda ya sani. Saboda haka masu riƙon GDB su kan yi shela cewa za a cire gida kaza in ba wanda ya fito ya ɗauki nauyinsa. A fitowa ta 7.9, cikin 2015, aka cire IRIX ta kamfanin Silicon Graphics da Tru64 ta injinan Alpha. A ƙarshen 2017 Rainer Orth ya kwashe tsohon yaren ioctl daga fayil ɗin da Snyder ya rubuta, fitowa ta 8.1 kuma a farkon 2018 ta yi ban kwana da duk Solaris da ta girmi ta 10. Ba ƙeta ba ce ta sa, rashin mai tsayawa ne.

Wani abin lura shi ne, ba duk dokar tsohon gida ce wauta ba. Da aka buɗe ƙofa kowa ya kama aikin da ba ɗansa ba, ɓarayi suka gane cewa abin da mafarauciya ke gani su ma za su iya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka a 2010 masu Ubuntu, wani shahararren nau'in Linux, suka mai da hannun agogo baya: in ba da izini na musamman ba, aiki ba ya bincikar kowa sai zuriyarsa. A 2012 aka shigar da wannan kariya cikin Linux kanta ga mai so. Dokar uba da ɗa ta 1975 ta dawo ke nan bayan shekara 35. Da tsohuwar zuma a ke magani.

INA RUWAN LAFIYA?

Mai karatu zai iya cewa wannan duk hirar Amurka ce. To, sai ya tambayi kansa inda tsofaffin kwamfutocin Turai da Amurka ke ƙarewa. Da yawansu ta tashar jiragen ruwan Legas su ke shigowa, su bi ta kasuwannin Ikeja da Alaba, su watsu zuwa ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu, har Lafiya da gaba da ita. Kamfanin Microsoft ya janye hannu daga Windows XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, daga Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, wa'adin Windows 10 kuma 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 ba ta hawa kan yawancin tsofaffin injina domin tana neman wani guntun tsaro da ba su da shi. Bugu da ƙari, a ko'ina cikin duniya akwai injinan asibiti da na ɗab'i da na masana'antu waɗanda aka ɗaure su da tsohuwar kwamfuta tun ranar saye. Injin lafiya lau ya ke, kuɗinsa miliyoyi, amma manhajar da ke tuƙa shi ba ta tashi sai a kan babbar manhajar zamaninta. Ranar da ta rikice, in ba wanda zai iya leƙa cikinta, inji ya zama kayan gwangwan.

Akwai ma rana da aka riga aka sani. Tsofaffin injinan Unix suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu, 1970, cikin wani gurbi da ba ya ɗaukar fiye da 2,147,483,647. Wannan adadi zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Nijeriya. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka cewa ta koma Disamba ta 1901. Sababbin injina sun tsallake wannan rami. Waɗanda za su faɗa cikinsa su ne tsofaffi, watau daidai waɗanda sababbin mafarauta suka daina jin yarensu. Ƙasashen da suka ƙera su za su iya zubar da nasu su sayi sababbi. Ƙasar da ta gaji kayan ita za a bari da jidali, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo.

A Lafiya akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, akwai kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Lafiya Isa Mustapha Agwai na Ɗaya. Samari da 'yan mata masu karatun kwamfuta a irin waɗannan makarantu ba su bukatar kuɗin jirgi kafin su koyi wannan sana'a. Asalin rubutun GDB kyauta ne, har da tsofaffin fitowarta masu ɗauke da tafintocin da aka cire. Tun 2002 aka saki asalin rubutun Unix ta shida da ta bakwai ga kowa. Zuciyar ta shidan ba ta kai layi 10,000 ba, John Lions na Ostareliya kuma ya yi mata sharhi layi-layi tun 1977 domin ɗalibansa. Manhajar SIMH tana mai da kowace kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama PDP-11, ɗalibi ya ga ƙofar 1975 da idonsa. Jami'ar MIT ta Amurka kuma a 2006 ta sake rubuta Unix ta shida don koyarwa da sunan xv6, ba ta kuwa sa mata ptrace ba. Ɗalibin da ya gina mata wannan ƙofa, ya rubuta ɗan wakilin da zai haɗa ta da GDB, ya yi aikin kammala karatu da za a iya nunawa a kowace jami'a ta duniya.

Abin da ya rage shi ne malamai su ɗauki wannan fanni da daraja, hukumomi kuma su daina ganin cewa ilmin kwamfuta ya ƙare a iya amfani da sabuwar manhaja. Duk ofishin da zai sayi inji mai tsada, ya kamata tun a takardar ciniki ya nemi a ba shi bayanin manhajar da ke ciki da hanyar bincikarta, ya kuma adana faya-fayen da suka zo da shi yadda a ke adana takardar fili. Zanen aro ba ya rufe katara, ranar da mai shi ya janye hannu kuwa a rubuce ta ke tun da wuri.

Bakaniken da ke bakin hanyar Makurɗi bai jira kamfanin Fijo ya aiko masa da injiniya daga Faransa ba. Ya koyi motar ciki da waje, shi ya sa wasu 504 ɗin su ke kan titi har yanzu, ɗauke da buhunan riɗi da ƙwaryar doya, shekaru bayan an daina ƙera su. Irin wannan bakanike a ke nema a fagen kwamfuta, wanda in ya iske tsohon gida zai tsaya a zaure ya koyi yadda a ke sallama a can. Shekarar 2038 ba ta da nisa ga wanda zai soma koyo yau. Allah Ya ba masu niyya sa'a.